Wa Ya Ƙirga Attajiran da Aka Ce Sun Gudu?

Bayan sallar isha'i muna zaune a majalisarmu ta Jekadafari a nan Gombe, hira ta gangaro kan sabuwar dokar haraji. Wani matashi a cikinmu, ma'aikacin banki, ya zaro waya ya karanto mana saƙon da ke ta yawo a WhatsApp: wai miloniyoyi, wato masu dukiyar da ta kai Dala miliyan ɗaya, har 16,500 sun tattara ya-nasu-ya-nasu sun bar Birtaniya a shekarar 2025, don gwamnati ta matsa musu lamba da haraji. Ya ce to kun ji, idan Ingila da ƙarfinta ta kasa riƙe masu kuɗinta, ina ga mu. Aka yi ta gyaɗa kai. Sai wani dattijo da ya haura shekara 30 yana saye da sayarwa a Tudun Hatsi ya gyara zama ya ce, "Ɗana, su waɗannan mutanen, a wace tasha aka tsaya aka ƙirga su?"

Yaron bai da amsa, mu ma haka. Tambayar ta bi ni har gida, domin ita ya kamata manyan jaridu su yi tun kafin su buga lambar, amma ba a yi ta da gaske ba sai da lambar ta gama zagaye duniya.

Ba hukumar harajin Birtaniya ce ta fitar da ita ba, ba ofishin ƙididdigarsu ba ne, ba kuma wata jami'a ba. Daga rahoton shekara-shekara na wani kamfani mai suna Henley & Partners ta fito. Sana'ar kamfanin ita ce nema wa masu hannu da shuni izinin zama ko fasfon wata ƙasa, su kuma su zuba jari ko su biya gwamnatin can wani adadi. Shi ya taimaka wa St Kitts da Nevis wajen sabunta tsarinta na ba da fasfo ga masu kuɗi, shi ne kuma ya tsara wa Malta nata a 2013, wanda aka sauya wa fasali a 2020, kotun Tarayyar Turai kuma ta yanke hukuncin cewa sabon tsarin ya saɓa wa doka a watan Afrilun 2025. A rahoton 2024 kamfanin ya ce miloniyoyi 128,000 za su sauya ƙasa a faɗin duniya, Birtaniya za ta yi asarar 9,500. Da shekara ta zagayo ya ce 142,000 ne, Birtaniya za ta rasa 16,500, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma za ta samu ƙarin 9,800. A lura da "za ta". Rahoton a watan Yuni ya fito, yana kintacen abin da zai faru har zuwa Disamba. Kafin labarin ya iso wayoyinmu, "za su tafi" ta riga ta koma "sun tafi".

Ba na cewa duk mai riba a cikin magana maƙaryaci ne. Amma duk wanda ya taɓa neman fili a Tumfure ya san kalaman dillali: Alhaji ka hanzarta, jiya ma mutum uku sun zo sun gani. Mai yiwuwa da gaske sun zo. Sai dai ka san la'adarsa a hanzarinka take, shi ya sa kake tambayar maƙwabtan filin kafin ka ƙirga kuɗi. Kamfanin da abincinsa ke zuwa idan attajiri ya ji cewa tsaransa duk sun kama hanya, kada a bar shi a baya, in ya zo da labarin cewa attajirai na ta kama hanya, da kunnen da ake sauraron dillali ya kamata a saurare shi.

Shi kansa Henley ba shi ke ƙirgar ba. Yana karɓo alƙaluman ne daga wani ƙaramin kamfani a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, New World Wealth, wanda Andrew Amoils ke jagorantar bincikensa, kuma masu bin diddigi sun ce in ban da shi da wuya ka ga sunan wani ma'aikaci a wurin. Bisa bayanin da kamfanin ya yi da bakinsa, yana da rumbun bayanan masu dukiya sama da 150,000, galibi shugabannin kamfanoni da daraktoci da waɗanda suka kafa harkokinsu, kuma daga cikin hanyoyin da yake gane inda mutum yake akwai duba shafuka irin su LinkedIn, inda mutum ke rubutawa da hannunsa cewa a gari kaza yake aiki. Daga motsin da aka gani a cikin waɗannan sai a faɗaɗa lissafi, a ce ga abin da ke faruwa da miloniyoyin duniya baki ɗaya, waɗanda yawansu miliyoyi ne.

A nan dattijon Tudun Hatsi ya fi mu sanin inda gizo ke saƙa. Mai sayen masara buhu 200 ba ya kwance kowane buhu. Yana soka ƙarfe ne a wasu, ya zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu ya duba. Hanyar tana aiki, amma da sharaɗi: shi zai zaɓi buhunan da zai soka, daga sama da tsakiya da can ƙarƙashin tari, kuma ya soka har gindin buhu. Idan ya yarda aka nuna masa na bakin ƙofa kaɗai, ranar zazzagewa zai ga tsakuwa da dusa. Abin da masana ƙididdiga ke nufi ke nan idan suka ce dole samfur ya wakilci jama'a. To mutanen LinkedIn buhunan bakin ƙofa ne. Babban manajan da kamfaninsa ke ɗauke shi daga Landan zuwa Dubai, daga Dubai zuwa Singafo duk bayan 'yan shekaru, yana cikinsu, kuma yana sabunta shafinsa duk inda ya sauka. Manomin da ya gaji gonaki a ƙauyen Ingila, likitan da ya yi ritaya, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata hannun jari, ba za ka same su a can ba, kuma irinsu ne ba sa motsawa. Idan kana so ka san yawan tafiye-tafiyen mutanen Gombe, sai ka je tashar Dukku ka tambayi direbobi kaɗai, za ka dawo da labarin cewa babu mai kwana a garin.

Sai matsalar da ta fi duka girma, wadda mu nan muka fi kowa saninta. Me ake nufi da cewa mai kuɗi ya ƙaura? Ɗauki Alhajin da kowace unguwa ta san irinsa. Uwargida tana gidan gado a cikin gari, amarya tana Abuja, yara biyu suna karatu a Masar, gidajen mansa sun bazu daga Gombe har Yola, goman ƙarshe na azumi a Makka yake yin ta, yana kuma da masauki a Dubai in ya je sarin kaya. Ranar sallah a filin idin garinsu za ka gan shi, a nan yake fitar da zakka, a nan kuma za a binne shi in ta Allah ta kasance. To a ina yake zaune? A 2024 an ba da labarin cewa Aliko Dangote na buɗe ofishin kula da dukiyar iyalinsa a Dubai. Matatar mansa mai tace ganga 650,000 a rana tana nan a Lekki, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Mai duba shafin intanet zai iya rubuta irin wannan mutum a jerin waɗanda suka tafi, ko a jerin waɗanda suka zauna, ya danganta da shafin da ya buɗe.

Dokar haraji ba ta barin wannan tambaya a buɗe. A Birtaniya ana ƙirga kwanakin da mutum ya yi a ƙasar: wanda ya kai kwana 183 a shekara mazauni ne kai tsaye, wanda bai kai ba kuma a duba inda gidansa yake da iyalinsa da aikinsa. Tamu dokar ma tana amfani da ma'aunin kwana 183. Ke nan mutum na iya rubuta Dubai a shafinsa alhali yana ci gaba da biyan haraji a Landan, wani kuma ya daina biya tun bara amma shafinsa har yau Landan yake nunawa. Ƙaurar da ta shafi baitulmali ita ce ta takardar haraji, kuma ita ce rumbun bayanan nan ba ya iya gani.

A watan Yunin 2025 ƙungiyar Tax Justice Network ta fitar da nata nazarin. Ta ce ta ƙirga labarai sama da 10,900 da kafofin watsa labarai suka yi a 2024 kan wannan gudu na attajirai, sannan ta yi wani ɗan lissafi mai sauƙi. Bankin UBS na Suwizalan ya ƙiyasta miloniyoyin Birtaniya a kusan miliyan 3. Idan 9,500 suka tafi, kashi 0.3 cikin 100 ke nan, wato a cikin kowane mutum 1,000, mutum 997 suna nan zaune. Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. UBS yana haɗawa da darajar gidan da mutum yake ciki, shi kuwa New World Wealth ya ce kuɗin da za a iya juyawa kaɗai yake ƙirgawa, shi ya sa nasa adadin na Birtaniya bai wuce kusan 600,000 ba. Da wannan mudun, waɗanda suka tafi sun kai kusan kashi 1.6. Ita ma ƙungiyar tana da nata ɓangaren, don fafutukarta ita ce a ƙara wa masu kuɗi haraji. Amma ko da wane mudu aka auna, sama da 98 cikin 100 ba su je ko'ina ba, kuma ba haka kanun labarai suka sa mutane suka ji ba.

Sukar da ta fi tsaya min a rai ta fito ne daga Dan Neidle, wani tsohon babban lauyan haraji a Landan da ya kafa cibiyar Tax Policy Associates. Abin da ya ƙara wa maganarsa nauyi shi ne, shi ba ya goyon bayan harajin dukiya, ya sha rubutu yana sukarsa, don haka ba za a ce yana kare aƙidarsa ba ne. A watan Yulin 2025 cibiyarsa ta bi alƙaluman rahotannin da irin dabarar da masu binciken littattafan kuɗi ke kama almundahana da ita. Dabarar a sauƙaƙe ita ce: idan ka ƙirga abubuwa da gaske, a ce shanun da suka shiga kara kowace ranar kasuwa na shekara guda, lambar ƙarshe ta kowane adadi za ta riƙa faɗowa ba tsari, yau 7, gobe 2, jibi 9, kowace da rabonta kusan daidai. Amma idan mutum ya zauna yana rubuta adadin da ka, hannunsa na karkata ga wasu lambobi ba tare da ya sani ba. Cibiyar ta ce lambobin ƙarshe na alƙaluman sun nuna irin wannan karkata, fiye da abin da za a ce arashi ne. Ta kuma lura cewa a wani lokaci New World Wealth ya sauya ma'anar miloniya, ya cire darajar gidaje daga lissafi, amma adadin bai yi faɗuwar da ta kamaci sauyin ba. A ƙasar da dukiyar mutane da yawa take cikin gidajensu, wannan kamar ka cire dawa da gero daga lissafin hatsin Arewa ne, jimilla kuma ta zauna yadda take. Kamfanonin biyu sun kare aikinsu. Hanyar da za ta kashe gardamar kuwa ɗaya ce, a buɗe rumbun bayanan ga masu bincike na waje su maimaita lissafin su gani, kamar yadda ake yi wa duk binciken da ke neman a yarda da shi.

Wani zai ce ina ruwan Bagombe da rigimar Landan. Ruwanmu shi ne, wannan kamfanin ne yake ƙirga namu ma, jaridunmu kuma suna ɗauka yadda aka ba su. Rahotonsa kan dukiyar Afirka ya ce Najeriya na da miloniyoyi 9,800 a 2023, suka koma 8,200 a 2024, sannan 7,200 a 2025. Mai karanta kanun labari zai ɗauka mutum 2,600 sun hau jirgi. Amma a tuna abin da ya sami Naira. Kafin Yunin 2023 Dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Mutumin da ke da Naira miliyan 600 a banki da hannun jari, a farkon 2023 mai Dala miliyan 1.3 ne. Bayan shekara guda ya koma mai Dala 400,000. Ya fita daga jerin miloniyoyi yana kwance a kan gadonsa, ko Kwanar Alkaleri bai leƙa ba. Rahoton da kansa yana ambaton faɗuwar darajar kuɗi cikin dalilai, amma wannan jimlar ba ta cika tsallakowa zuwa WhatsApp ba.

Kuma tun farko, wa ya ƙirga 9,800 ɗin? Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, wane ne a Johannesburg ya san dukiyar mai shanu 2,000 a dajin Dukku ko Nafada, ko mai rumbunan ajiya cike da wake da riɗi, ko dillalin da ke loda tirela goma zuwa Kudu duk mako, wanda littafinsa na cikin kansa da aljihun yaronsa? Yawancin masu arzikin da na sani a Gombe da Bauchi ba su taɓa jin sunan LinkedIn ba. Wanda ba a gan shi yana nan ba, ta yaya za a gane ranar da ya tafi?

Akwai binciken da aka yi da takardun haraji na gaske, kuma labarinsa ya fi natsuwa. Cristobal Young da abokan aikinsa sun samu damar duba takardun haraji miliyan 45 na Amurkawa masu samun Dala miliyan 1 ko fiye a shekara, daga 1999 zuwa 2011, suka buga sakamakon a 2016. A Amurka kowace jiha da nata harajin, wasu kamar Florida ba sa karɓar harajin kuɗin shiga sam, kuma babu biza tsakanin jiha da jiha, don haka in akwai inda gudun haraji zai bayyana ƙarara, can ne. Abin da suka gani: kashi 2.4 na masu kuɗin ke sauya jiha a shekara, sauran jama'a kashi 2.9, masu ƙaramin ƙarfi kuwa kashi 4.5. Talaka ya fi mai kuɗi ƙaura. Ga wanda ya san 'yan ci-rani, wannan ba baƙon labari ba ne. Mai kuɗi yawanci ya manyanta, yana da iyali da yara a makaranta, kuma arzikinsa a saƙe yake da mutanen da ya sani da kasuwar da ta san shi. Da ɗan gari akan ci gari, wanda ya bar garinsa kuwa ya zama baƙo.

A Birtaniya ma an yi irin wannan. Ƙasar ta shafe sama da shekara 200 da wani rangwame da ke bai wa mazauna masu asali a waje damar kauce wa haraji kan abin da suka samu a ƙetare, muddin ba su shigo da shi ba. A 2017 aka janye shi daga waɗanda suka yi shekara 15 cikin 20 a ƙasar. Arun Advani na jami'ar Warwick da Andy Summers na makarantar tattalin arziki ta Landan, tare da David Burgherr, suka bi takardun waɗanda abin ya shafa, suka ga wasu sun tafi, amma mafi yawa sun zauna, harajin da suke biya kuma ya ƙaru sosai. Wannan rangwamen ne aka soke gaba ɗaya daga 6 ga Afrilun 2025, kuma a kansa ne duk wannan ƙura ta tashi.

Kada a fahimce ni a karkace: akwai masu tafiya, kuma haraji na cikin abin da ke korar su. Bayan Norwe ta ɗaga harajin dukiya zuwa kashi 1.1 a 2022, hamshaƙin ɗan kasuwarta Kjell Inge Røkke ya koma Lugano a Suwizalan, wasu da dama suka bi sahu, har gwamnati ta tsaurara harajin da ake biya wajen fita. Italiya tun 2017 take zawarcin irin waɗannan da harajin dunƙule na Yuro 100,000 a shekara kan duk abin da suka samu a waje, ta ninka shi zuwa 200,000 a 2024. Masu kallon ƙwallo a gidajen kallo na Bolari da Pantami za su tuna dokar da Sifaniya ta yi a 2005, wadda aka laƙaba wa sunan Beckham, kuma binciken da Henrik Kleven da Camille Landais da Emmanuel Saez suka buga a 2013 ya nuna manyan 'yan wasa suna bin inda haraji ya fi sauƙi. Ɗan ƙwallo jarinsa a ƙafarsa yake, duk inda ya je da shi ya je.

Kakanninmu sun san wannan bambanci tun zamanin jangali. Idan lokacin ƙirgar shanu ya ƙarato, makiyayi na iya kora garkensa ya tsallaka ƙasar wani hakimi, ko ya haura iyaka sai ƙura ta lafa. Manomi kuwa ba ya naɗe gonarsa ya ɗora wa jaki, haraji a gida yake iske shi. Tambayar da ta dace game da kowane attajiri ita ce, dukiyarsa garke ce ko gona? Kamfanin simintin Ashaka ba zai bar Funakaye ba, don dutsen da yake ci a can yake. Haka mai injin casar shinkafa da ke dogaro da noman Dadin Kowa, haka mai gidajen mai, haka ɗan kwangila. Sannan ƙirga kawuna kaɗai ba ya faɗa wa gwamnati abin da take buƙatar sani. Tafiyar mutum 20 daga cikin manyan masu biya na iya girgiza baitulmali fiye da tafiyar dubbai masu miliyan ɗaya-ɗaya. Lamba irin 16,500 ba ta bambance waɗannan, ba ta kuma faɗin ko nawa aka rasa.

Abin da ya sa na damu shi ne lokacin da maganar ta iso mana. Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsara su fara aiki a Janairun 2026. An yafe haraji kan Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara, aka kai mafi girman kaso zuwa 25 cikin 100 kan abin da ya haura Naira miliyan 50. Akwai ƙwararan hujjoji na sukar tsarin harajinmu, babbansu kuwa kowa ya san shi: an biya, an ga me? Mai shago a kasuwar Wunti ko Muda Lawal da ke biyan kuɗaɗe iri-iri, ya kuma sayi man janareto da ruwan 'yan garuwa, yana da haƙƙin ya yi wannan tambayar da babbar murya. Amma barazanar cewa a taɓa manya su gudu wata aba ce daban. Idan aka yarda da ita ba bincike, nauyin ba ɓacewa yake yi ba, yana sauka ne kan malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ake cire wa nasu tun kafin albashi ya shiga hannu.

Mu kuma muna da namu gwajin a gida, wanda ba ya buƙatar kowa daga Afirka ta Kudu. Kason harajin kuɗin shiga ɗaya ne a duk faɗin Najeriya, don dokar tarayya ce ta tsayar da shi, sai dai jihar da mutum yake zaune ita ke karɓa. Ɗan Gombe ko ɗan Bauchi da ya kwashe iyalinsa ya koma Maitama ko Asokoro, ko kwabo bai rage wa kansa ba, amma ya tafi, harajinsa kuma ya bi shi Abuja. Me ya ɗauke shi? Kusanci da ofisoshin da ake rabon kwangila, asibitin da zai kai mahaifiyarsa, makarantar yara, jirgin da zai hau kullum, wutar lantarki. Haka kuma a shekarun da rikicin Boko Haram ya yi ƙamari, 'yan kasuwa daga Maiduguri da Damaturu da Potiskum suka kwararo Gombe da Bauchi da jarinsu, suka sayi filaye, suka buɗe shaguna, har farashin haya ya tashi. Babu wanda ya tsaya tambayar kason haraji. Wurin da za su kwana da ido biyu a rufe suke nema.

Akwai kuma ƙaurar da ba a ganin ta a filin jirgi, wadda mai kuɗi ke zaune a gida kuɗinsa kuma su yi hijira. A 2020 Matthew Page ya wallafa bincike a cibiyar Carnegie, inda ya gano kadarori 800 a Dubai masu alaƙa da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu, da darajarsu ta haura Dala miliyan 400. Masu su da yawa suna nan tare da mu, ana gaisawa da su a ɗaurin aure. A rumbun bayanan New World Wealth, irin waɗannan ba su motsa ba.

Hukumomin tattara kuɗin shiga na Gombe da Bauchi suna da abin da zai fi kowane rahoton waje amfani a gare mu: sunayen manyan masu biya, da shekarar da kowannensu ya daina bayyana a littafi. Ba sai an tona asirin kowa ba. A fitar da jimilla duk shekara, nawa ne, nawa suka shigo, nawa suka koma wata jiha, kuɗin da ya bi su nawa ne. Da wannan majalisar dokoki za ta yi muhawara a kan abin da aka ƙirga.

Ita ma Birtaniya sahihiyar amsarta na nan tafe, sai dai ba ta sauri. Shekarar haraji ta farko bayan soke rangwamen ta kama daga 6 ga Afrilun 2025 zuwa 5 ga Afrilun 2026, masu cike takardunsu ta intanet kuma suna da wa'adi har 31 ga Janairun 2027. Sai bayan nan hukumar harajin ƙasar za ta iya cewa ga waɗanda suka fita daga littafinta, ga kuma abin da suke biya kafin su fita. Na tura wa yaron bankin wannan kwanan wata, na ce kada ya goge saƙon daga wayarsa, in Allah ya kai mu sai mu sake buɗe shi a majalisa a gaban Baba na Tudun Hatsi.